Jibin Ubangiji: Tarihin da Ake Ci, Bangaskiyar da Ake Taɓawa

Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a sashen Hausa na ikilisiyarmu a nan Jos, kuma ina cikin mutum uku da kan shirya teburin Jibi ranar Asabar da yamma. Mu ne masu wanke ƙananan kofuna, mu yanka gurasa, mu goge farin ƙyallen da za a lulluɓe su da shi. Tambayoyin da ke ƙasa na tattaro su ne daga bakin 'yan aji, da iyaye, da wasu maƙwabtana Musulmi da muke zaman mutunci da su. Ni ba fasto ba ne. Inda ikilisiyoyi suka bambanta zan faɗi matsayin kowa tsakanina da Allah, abin da kuma ya shafi dokar taku ikilisiyar, sai a nemi fasto ko fada.

Mene ne Jibin Ubangiji, kuma daga ina ya samo asali?

Shi ne cin gurasa da shan ƙoƙo da Kirista suke yi tare, bisa umarnin Yesu a daren da aka bashe shi. A Urushalima ne, lokacin Idin Ƙetarewa. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura ya ba almajiransa, ya ce jikinsa ne. Ya ɗauki ƙoƙo ya ce jininsa ne na alkawari, ya kuma ce su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Labarin yana cikin Matiyu 26, Markus 14 da Luka 22. Amma rubutu mafi daɗewa da muke da shi shi ne na Bulus a 1 Korintiyawa 11:23-26, wasiƙar da ya rubuta tsakanin shekara ta 53 da 55, wato shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye. Ko a lokacin Bulus bai ce sabon abu ya kawo ba. Cewa ya yi abin da ya karɓa shi ya miƙa musu.

Abin da nake so 'yan aji su fara riƙewa shi ne, Idin Ƙetarewa kansa tarihi ne da ake ci da baki. A Fitowa 12 an umarci Isra'ilawa su ci gasasshen ɗan rago, da gurasa marar yisti domin an fita Masar da gaggawa ƙullu bai samu ya kumbura ba, da ganyaye masu ɗaci. An kuma ce idan yara suka tambayi ma'anar wannan, sai a ba su labari. Yaro ya fara ɗanɗana ɗaci a harshensa, ya yamutsa fuska, sannan uba ya ba shi labarin bauta da fansa. A kan wannan tabarmar Yesu ya zaunar da almajiransa.

Malam, me ya sa sai an ci an sha? Ba zan iya tunawa da Yesu a zuciyata kawai ba?

Za ka iya, kuma ya kamata kullum ka yi. Amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma wanda ya halicce mu ya fi mu sanin haka.

Bari in ba ka misali daga gidanmu. Mahaifiyata ta rasu da jimawa. Ina iya ba 'ya'yana labarinta idona a bushe. Amma ranar da na bi ta wani lungu a Tudun Wada na ji ƙamshin gwaten acha da yakuwa yana tashi daga wani gida, irin yadda take dafa shi, sai da na tsaya na dafa bango. Ba tunani na yi ba. Hanci ne ya buɗe ƙofar da kai ya rufe. Haka aka yi mu: abin da ya shiga ta baki da hanci da tafin hannu yakan zauna a wurin da magana ba ta kaiwa.

Littafi Mai Tsarki cike yake da wannan. Mai Zabura bai ce a zauna a yi nazari kawai ba, ya ce a ɗanɗana a gani Ubangiji nagari ne, a Zabura 34:8. Yohanna ya buɗe wasiƙarsa ta fari da abin da suka ji, suka gani da idonsu, hannunsu ya taɓa. Toma ya yi shakka, Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa da kwiɓinsa. Labarin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne na Luka 24. Almajirai biyu suna tafiya Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11, Yesu da kansa yana tare da su yana buɗe musu Nassi tun daga Musa har annabawa. Babu wa'azin da ya kai wannan, zuciyarsu har tana ƙuna, duk da haka ba su gane shi ba. Sai da suka zauna cin abinci, ya ɗauki gurasa ya gutsura, idonsu ya buɗe.

Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya kira irin wannan alama kalmar da ake gani. Wa'azi yana shiga kunnen jama'a gaba ɗaya, kana iya cewa da wani ake. Amma gutsuren da aka miƙo ya sauka a tafin hannunka, ba ka da damar cewa na wani ne. Bangaskiyarmu ta tsaya ne a kan cewa Kalma ya zama mutum, ya ji yunwa, ya gaji, ya zub da jini na gaske. Ba abin mamaki ba ne in ya bar mana abin tunawa da ake taunawa.

Yadda muke yi yau yana kama da yadda Kiristocin farko suka yi?

Ya fi yadda kake zato. Ayyukan Manzanni 2:42 ya ce masu bi na farko sun nace wa koyarwar manzanni, da zumunta, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. A 20:7 mun ga sun taru a Taruwasa ranar farko ta mako domin gutsuttsura gurasa. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini, a Bitiniya da ke arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa ya bincika Kirista, ya tarar suna taruwa kafin gari ya waye a wata ƙayyadaddiyar rana, su raira waƙa ga Almasihu, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci na yau da kullum. Wannan shaidar wanda ba ya ƙaunarsu ce.

Wajen 155 Jastin, wani malamin Kirista wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiya, ya bayyana sujadar Lahadi daki-daki. Ana karatu daga rubutun manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya, jama'a su amsa da Amin, a raba wa kowa, dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a tara baiko domin marayu da gwauraye da fursunoni da baƙi. Duk lokacin da na faɗa wa 'yan aji wannan, sai wani ya ce, "Ai namu ke nan, Malam." Namu ne kuwa. Amin ɗin da muke amsawa a Jos, da shi aka amsa a Roma shekara fiye da 1,800 da suka wuce.

Akwai kuma wata tsohuwar addu'ar godiya a cikin ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, wanda ya ɓace aka sake gano shi a Istanbul a 1873. Ma'anarta ita ce, kamar yadda hatsin wannan gurasa yake warwatse a kan tuddai aka tattaro shi ya zama ɗaya, haka a tattaro ikilisiya daga iyakar duniya. Duk wanda ya taɓa ganin yankan acha a kan duwatsun Filato, ƙwaya ƙanana kamar yashi daga gona nan gona can, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Bambanci ɗaya babba: su a cikin gidaje suke yi, sau da dama tare da cikakken abinci, kuma da ransu a hannu. A 304, zamanin Sarki Diyokilishiyan, an kama Kirista 49 a Abitina, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, saboda taron Lahadi. Amsar da ɗayansu ya ba mai shari'a ita ce ba za su iya rayuwa ba tare da abin Ubangiji ba. 'Yan Afirka ne, ina so a lura.

Me ya sa gurasar wata ikilisiya fara ce sirirya kamar takarda, ta wata kuma burodi ne?

Ikilisiyar Yamma ta riƙe marar yisti domin daren Idin Ƙetarewa. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas suna amfani da mai yisti, suna ganin kumburinta alamar rai da tashin Almasihu. Gardamar tana cikin abubuwan da aka yi ta jifan juna da su a rabuwar ikilisiyar Gabas da ta Yamma a 1054. A Jos za ka ga duka biyu. Katolika da Anglikan suna ba da siririyar nan mai narkewa a harshe, wasu ikilisiyoyi da yawa kuma suna yanka burodi ƙanana-ƙanana.

To me zai hana mu yi da masa da zoɓo, tunda su ne abincinmu?

Wannan tambaya ba ta raini ba ce, masana tauhidi na Afirka sun daɗe suna tattauna ta. Masu goyon baya suna cewa Yesu ya ɗauki abincin da ke gaban talakan ƙasarsa ne, da a nan yake da abin da ke cikin akushinmu zai ɗauka. Dokar Katolika kuwa a fili take: gurasar alkama zalla, da ruwan 'ya'yan inabi. Cikin sauran ikilisiyoyi akwai masu sassauci, musamman a ƙauye inda samun ruwan inabi sai an sha wahala, sai a yi da jan lemo.

Ra'ayina, inda alkama da inabi suke samuwa a riƙe su. Su ne igiyar da ta ɗaure bakina da wani dare takamaimai, a wani gari takamaimai. Ina so harshena ya ɗanɗana abin da na Bitrus ya ɗanɗana. Amma ba zan taɓa ce wa ikilisiyar da ke gudun hijira, wadda ta taru a ƙarƙashin bishiya da abin da ta samu, Ubangiji bai zauna da ita ba.

Ruwan inabin nan, giya ce ko ba giya ba?

Katolika, Otodoks, da yawancin Anglikan da Lutheran suna amfani da ruwan inabi da ya yi tsami irin na asali, da yawansu suna ɗiga masa ruwa kaɗan. Saifiriyan, bishop na Kartej a Tunisiya ta yau, ya rubuta wasiƙa a kan wannan gauraya wajen 253, ya ce ruwan jama'a ne, inabin kuma Almasihu, in sun gauraya ba mai raba su. Ruwan inabi marar sa maye sabon abu ne. A 1869 wani likitan haƙori ɗan Methodist a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi yadda ba zai yi tsami ba, domin ikilisiyoyin da ke yaƙi da shaye-shaye. Mishan da yawa da suka zo ƙasarmu daga wannan tarbiyya suka fito, suka tarar da burkutu, suka ƙara tsananta. Shi ya sa a ikilisiyoyi irin tamu ba a kawo mai sa maye kan tebur. Akwai kuma jinƙai a ciki, domin a kowane benci ana iya samun ɗan'uwa da ya sha fama kafin ya rabu da kwalba.

Ƙananan kofunan ma daga Amurka suka zo, a shekarun 1890, lokacin da aka gane yadda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Cutar Ebola a 2014 da korona a 2020 sun ƙara sa ikilisiyoyi da dama sake duba yadda ake miƙawa da karɓa. Kofunan sun kare lafiya, ban musa ba. Amma wanda ya taɓa shan ƙoƙo ɗaya bayan ɗan'uwansa ya san an rasa wani abu. Mu da muka tashi muna sa hannu a ƙwarya ɗaya mun san abin da ake nufi idan aka ce da wane muka ci tuwo tare.

Maƙwabcina Musulmi ya tambaye ni ko da gaske jini muke sha. Me zan ce masa?

Ka fara da gode masa da ya tambaye ka maimakon ya tafi da jita-jita. Zargin tsoho ne, tun ƙarni na biyu Romawa suke yaɗa cewa Kirista suna cin naman mutum. Ka gaya masa babu yanka, babu jini a cikin ƙoƙo da ido zai gani ko harshe ya ji. Gurasa ce da ruwan inabi, kowa yana iya zuwa ya ga yadda ake shirya su. Shi ma ya san labarin Hawariyawa da teburin abinci daga sama a Suratul Ma'ida. Ba abu ɗaya ba ne da Jibi, kada ka ce masa ɗaya ne, amma ƙofa ce ta hira cikin mutunci.

Sai dai ka san cewa mu kanmu Kirista ba bakinmu ɗaya ba a kan ma'anar "wannan jikina ne". Katolika sun gaskata cewa bayan addu'ar keɓewa ainihin gurasar da ruwan inabin sun juya sun zama jiki da jinin Almasihu, ko da yake kama da ɗanɗano suna nan yadda suke. Majalisar Lateran ta 1215, wato babban taron shugabannin Katolika, ta yi amfani da kalmar wannan koyarwa, ta Trent ta tabbatar da ita a 1551. Cikin jagororin Furotesta da suka rabu da Katolika kuwa, Martin Luther ya ce Almasihu yana nan da gaske a cikin gurasar da ƙoƙon, ba tare da sun daina zama abin da suke ba. Zwingli na Zurich ya ce alama ce ta tunawa. Su biyun sun zauna a Marburg ta Jamus a watan Oktoba 1529, suka yarda a kan batutuwa 14 cikin 15, a kan wannan ɗaya suka rabu. Luther har da alli ya rubuta kalmomin Yesu a kan tebur, ya ce daga nan ba ya gusawa. Calvin na Janeba ya bi tsakiya: Ruhu Mai Tsarki yana ciyar da mai bi da Almasihu da gaske, ta bangaskiya. Duk waɗannan ra'ayoyi huɗu suna da majami'u a Jos, wani lokaci a layi ɗaya.

Yaushe wannan tebur ya iso ƙasar Filato?

Bai daɗe ba in aka gwada da tarihinsa. Karl Kumm da abokansa na mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) sun sauka Wase a 1904, daga aikinsu ikilisiyar COCIN ta fito. Fadan Katolika na ƙungiyar mishan ta SMA sun isa Shendam a watan Fabrairu 1907, a shekarar kuma aka buɗe tashar Panyam. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta fara ne da samari uku da suka sauka Legas a 1893, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko sun mutu a 1894, aikin bai kafu ba sai a Patigi a 1902, kuma daga shi ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, hedkwatarta a nan Jos. TEKAN, wato Tarayyar Ikilisiyoyin Kristi a Nijeriya, ta kafu a 1955.

Abin da ya shafi kunne shi ne harshe. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, Likita Mila, Baturen mishan na Zariya, yana cikin waɗanda suka yi aikin. Ta haka Birom, Ngas, Mwaghavul, Tarok, Afizere, Irigwe da sauransu, waɗanda kakanninsu ba sa jin yaren juna, suka ji kalmomin Jibi da harshe ɗaya. Katolika kuwa da Latin suka yi ta jin Mas, wato sujadarsu ta Jibi, har zuwa Majalisar Vatican ta Biyu, 1962 zuwa 1965, wadda ta buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. Akwai tsofaffi a garin nan da suke tuna ranar da suka fara jin addu'ar keɓewa da harshen da suke cinikin kasuwa da shi.

Mene ne amfanin turare da ƙararrawa da ake yi a wasu majami'u?

Turaren daga Zabura 141:2 da Ru'ya ta Yohanna 8 yake, addu'a tana tashi kamar hayaƙi. Lubban ɗin da ake ƙonawa ƙaron bishiya ne, kuma danginta tana fitowa a duwatsunmu, ita ce hano ko ararrabi. Ƙararrawa kuma tana gaya wa kunne cewa an kai wurin keɓewa, a natsu.

Mu ba ma ƙona turare, amma kada a ce hancinmu da kunnenmu ba su da rabo. Akwai ƙamshin burodi lokacin da aka yaye ƙyalle. Akwai waƙar da zumuntar mata kan ɗauko a hankali, ba ganga ba tulu, sai murya. Akwai ƙarar kofuna suna komawa ramukan tire ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma shirun da ke sauka bayan fasto ya ce mu ci tare, mutum ɗari biyar suna tauna a lokaci guda, har kana jin tarin wani tsoho daga can baya.

An ce wasu suna wanke wa juna ƙafa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Yohanna 13 bai kawo labarin gurasa da ƙoƙo ba, ya kawo na daro da tawul. 'Yan'uwanmu na EYN (Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), waɗanda aikinsu ya fara a Garkida a 1923, sun gaji wanke ƙafa tare da cin abincin ƙauna daga ikilisiyar da ta haife su. Katolika da Anglikan suna yi ranar Alhamis ta makon shan wuya. Na taɓa halarta sau ɗaya cikin hunturu. Wanda ya durƙusa gabana dattijo ne da ya isa ya haife ni, ƙafata kuwa duk faso da ƙura. Na so in janye ta, ya riƙe ta da hannu biyu ya ce, "Bari, ɗana." A ranar na gane abin da ya sa Bitrus ya ƙi da farko sa'ad da Yesu ya zo wanke masa ƙafa.

Sau nawa ake yi, kuma sai an yi azumi?

Katolika kowace Mas, Anglikan da yawa kowace Lahadi, wasu sau ɗaya a wata, wasu bayan wata uku. Calvin ya so kowane mako, mahukuntan Janeba suka tsayar da sau huɗu a shekara. Azumi kuwa, dokar Katolika ita ce awa ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani. Sauran ba su ɗora doka ba.

Yara fa?

Otodoks suna ba jariri da aka yi wa baftisma. Katolika tun 1910, zamanin Fafaroma Pius na Goma, suna ba yaro daga wajen shekara 7 bayan koyarwa. A ikilisiyoyi irin tamu sai wanda ya yi baftisma da bakinsa ya shaida. Roƙona ga iyaye ɗaya ne: kada ku kora yara waje su yi ta guje-guje lokacin Jibi. Ku bar su su gani, su ja muku riga su tambaya. Fitowa 12 ta riga ta shirya wa tambayarsu wuri.

Na karɓa amma ban ji komai ba. Ko ban cancanta ba ne?

'Yata, wannan tambayar ta fi kowace zuwa, kuma yawanci a ɓoye ake yin ta bayan an tashi aji. Cewa Jibi yana shiga ta gaɓoɓi ba ya nufin dole tsigar jiki ta tashi. Wata rana hawaye zai zo. Wata rana tunaninki yana kan kuɗin makaranta, gurasar ta bushe, ruwan ya yi zaƙi da yawa. Tuwon da kika ci ba tare da marmari ba shi ma ya riƙe ki har dare. Ranar da zuciya ta yi sanyi, ita ce ranar da abin da ke hannunki ya fi amfani, domin yana nan ko kin ji ko ba ki ji ba, kamar yadda gicciye ya faru ko kin ji ko ba ki ji ba.

Maganar cancanta kuma, a karanta 1 Korintiyawa 11 tun daga aya 17, kada a fara daga 27. Laifin da Bulus ya tsawata a kai shi ne masu hali suna riga ci su ƙoshi har su bugu, talaka ya zo ya tarar da wayam, ya koma da yunwa da kunya. Maganin da ya bayar a aya 33 shi ne su jira juna. Ya ce kowa ya auna kansa sannan ya ci. Bai ce ya auna kansa ya gudu ba. Mai zunubin da ya tuba, domin shi aka shimfiɗa teburin.

Ina riƙe da wani a zuciya. In je ko in zauna?

Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka je ku shirya tukuna. A garin da ya ga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, wannan aya ba wasa ba ce. Akwai masu zama a bencinmu da suka binne 'ya'ya, akwai waɗanda suka bar gidan da suka gina da guminsu suka koma wata unguwa. Ba ni da bakin da zan ce wa irin wannan uwa ta gama yafewa kafin Lahadi. Abin da nakan ce shi ne, akwai bambanci tsakanin wanda yake kokawa da zuciyarsa yana so ya yafe, da wanda ya rantse ba zai taɓa yafewa ba. Na farkon ya zo, ya fi kowa bukata. A daren da aka kafa teburin nan, mai cin amana yana wurin, wanda zai yi musun sani ma yana wurin.

In kuwa rigimar adashe ce, ko iyakar fili, ko maganar da aka faɗa a bayan ido, kada ka jira wata ya zagayo. Ka je gidansa ranar Asabar.

Zan iya ci a gida ina kallon sujada a waya ko talabijin?

Lokacin kullen 2020 an yi ta wannan gardama. Katolika sun ce a'a, sai dai addu'ar marmarin tarayya. Wasu fastoci sun yarda don larura. Ni dai ina ganin waya tana kawo murya da hoto, amma ba ta miƙo hannu, kuma Jibi abu ne da ake karɓa daga hannun wani.

Marar lafiya, ko makaho, ko kurma fa?

Zumunta a ƙafa take. Tun zamanin Jastin ake kai wa wanda bai iya zuwa ba, kuma har yau haƙƙinsa ne. Iyali su sanar da fasto ko dattawa, kada su ji nauyi.

Akwai wani baba da muke kai wa, idonsa ya tafi, kunnen ma sai an ɗaga murya, kuma mantuwa ta kama shi har ba ya gane jikokinsa. Ranar ƙarshe da na raka fasto, da sanyin Janairu, mun same shi a ƙofar ɗaki yana shan hantsi, an lulluɓe shi da bargo. Fasto ya yi karatu, baba bai motsa ba. Na ɗauka bai san muna wurin ba. Da aka sa gutsuren gurasa a tafinsa, sai ya shafa shi da babban yatsa, ya gyara zama, ya lalubi hularsa ya cire. Ya ɗora hannun dama a kan na hagu kamar yadda aka koya masa tun yana saurayi. 'Yarsa da ke tsaye ta rufe baki da gyale. Ya ci, ya sha, ya ce Amin da ƙarfi, sannan ya ɗauko wata waƙar Jibi daga farko har ƙarshe, baiti huɗu, bai tsallake kalma ɗaya ba.

Me ake yi da abin da ya rage?

Katolika suna ajiye gurasar da aka keɓe a wani ɗan akwati na musamman a majami'a, da fitila tana ci a gefensa dare da rana, daga nan ake ɗauka a kai wa marasa lafiya. Anglikan sukan cinye ragowar a wurin cikin ladabi. Mu dattawa ne suke tattarawa, a ware rabon waɗanda za a kai wa gida a ranar, ba a zubar da komai a bola. Bayan an watse mu ukun nan mukan koma bayan majami'a da baho da ruwan ɗumi, mu wanke kofunan ɗaya-ɗaya mu kife su a kan tire. Daga yawan waɗanda suka dawo cike muke sanin wa da wa ba su zo ba, sai mu rubuta sunayensu mu ba fasto kafin ya tafi gida.